Mako Bakwai Muna Jiran Tsohon Likita

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa, na yi kuka na share hawaye na wuce, yau ko an tuna mini sai na yi dogon tunani kafin in gano zancen. Amma ciwon yayana, da mako bakwai ɗin nan da muka yi a gida muna jiran likita guda ɗaya, wannan kam ba zan manta da shi ba har ranar da za a kai ni makwancina. Duk wanda na ba labarin sai ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na yarda ƙaddara ce, ni ma Musulma ce. Sai dai da bakina a ciki, kuma na gaji da yadda mutane ke tsallake wannan wurin don su lallashe ni.

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari, ni da Yaya, a wani ƙauye kusa da Zango. Ya girme ni da shekara goma sha shida, don haka uba na tashi na ɗauke shi, ba wa ba. Shi ya kai ni makaranta lokacin da dangi ke cewa ɓata lokaci ne, shi ya tsaya har na zama malamar firamare, na yi aure a cikin garin Daura. Auta yake ce mini. In kuma na fara zuba masa surutu da iyayi, sai ya yi dariya ya ce to, Malama ta shiga aji. Ni mutum ce mai saurin hawa, kowa ya san ni da haka. Shi kuwa sai ya wuni bai yi magana goma ba.

Sana'ar Yaya haƙa rijiya ce, a wurin kawunmu ya gaje ta. Da an kawar da amfanin gona zai ɗaure diga da guduma da igiya a bayan babur, sai dai a ji shi yau a Mai'adua, gobe a wani ƙauyen bakin iyaka. In ƙasar mai laushi ce, da sauƙi. In kuwa aka yi gaba goma sha biyar aka tarar da dutse, to nan aikin yake. Mutum shi kaɗai a can ƙasan rami yana dukan dutse da guduma, garin dutsen yana tashi, ba shi da hanyar fita sai hancinsa. Yakan fito fari fat, idanu kawai ake gani. Ina yarinya dariya nake yi masa in ce ya zama fura. Ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa wannan farin garin yana zama a ƙirjin mutum.

Masu wannan sana'a suna da wata ƙa'ida da ba sa wasa da ita. Rijiyar da wani ya fara, ba ka shiga ka ƙarasa sai da izininsa, ko da mai gidan ya durƙusa ya roƙe ka. Dalilinsu kuma mai kyau ne. Wanda ya fara shi ya san inda jikin ramin ke da rauni da inda yashi ke zubowa, sannan abincinsa ne. Na gani da idona, wani attajiri a Mai'adua ya aiko a ɗauki Yaya ya ƙarasa masa rijiyar da mai haƙa ta ya kwanta ciwo ya bari. Yaya bai taɓa ko igiya ba sai da ya hau babur ya je har ƙauyen mutumin, ya gaishe shi da jiki, ya nemi izininsa. Haka yake a komai. Wanzaminsa ɗaya, telansa ɗaya, mai gyara masa babur ma ɗaya ne.

Tarin ya fara ne kamar wasa. Aka sha maganin kemis, aka sha jiƙo, aka sha zuma da citta, ba abin da ya ragu. Da na je gida na ga yadda wuyansa ya zurma, na tayar da rigima sai da aka kawo shi asibiti a Daura. Aka gwada majina aka ce tarin fuka ne, aka ɗora shi a kan magani na wata shida. Yaya bai tsallake ko ƙwaya ɗaya ba, matarsa ce shaida. Aka sake gwaji aka ce ƙwayar cutar ta mutu, amma mutumin da ke shiga rami gaba ashirin ya fito yana waƙa, yanzu daga ɗakinsa zuwa masallacin ƙofar gida sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango. Wani ma'aikacin jinya mai kirki ya ja ni gefe ya ce, Malama, abin nan ya wuce nan, ku nemi likitan huhu.

Allah Ya sani, duk da bokon da nake taƙama da shi, ranar na fara jin cewa akwai likitan da ba ya duba komai sai huhu. Na shiga tambaya. Na tambayi malaman makarantarmu, kowa ya ba ni sunan nasa mai maganin. Na duba a waya, abin da na gani duk na can wata duniya ne. Maigidana ya tambayi abokansa, wani ya ce Katsina, wani ya ce Kano, wani ya ce a babban asibiti sai an jira layi na watanni. A ƙarshe wani direban motar haya, maƙwabcinmu, shi ya ce akwai wani asibiti mai zaman kansa a Kano da ya sha kai masu ciwon ƙirji, kuma yana ganin suna dawowa da ƙafarsu. Ya kwatanta mana wurin har da bishiyar da ke ƙofar.

Muka tafi ranar wata Talata, ni da Yaya. A bakin ƙofar akwai allo mai ɗauke da sunayen likitoci biyar, kowanne da rubutu a ƙarƙashin sunansa. Na gan shi sarai, na wuce. Ni malama, mai koya wa yara karatu, ban tsaya na karanta allon nan ba. Na ce wa matar da ke teburin kati mun zo ganin likitan huhu, ta ce duk sabon majiyyaci sai ya fara ganin likitan da ke bakin aiki a ranar, ta miƙo mana kati. Ni dai na ji an ce likita, na ɗauka shi ke nan, mun iso.

Wanda muka samu dattijo ne mai farin gemu, Bakatsine da ganin yadda yake magana. Bai fara da rubutu ba. Ya jawo kujera ya zauna kusa da Yaya, ya tambaye shi gida, ya tambaye shi damina, sannan ya ce, Malam, mene ne sana'arka? Duk yawon asibitin da muka yi, ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Yaya ya ce haƙa rijiya. Likitan ya gyara zama. Ya tambaye shi shekara nawa, wace irin ƙasa, yaya dutsen yake in an fasa shi, yana ɗaure hanci ko ba ya ɗaurewa. Yayan da ba ya magana sai ga shi yana ba da labari har da kwatance da hannu. Da suka gama, likitan ya ce yana zaton garin dutsen ne ya cinye masa huhu, tarin fuka ya zo ya same shi a haka. Ya ce kuma yana jin wani abu a ɓarin dama da bai kwanta masa ba. Ya rubuta magani, ya tura mu wani wuri aka yi wa Yaya hoton ƙirji a babban inji, aka ce za a aika musu da sakamakon. Ya ce mu dawo Alhamis ta mako mai zuwa, kada mu kuskura mu tsallake ranar.

A mota Yaya ya ce mini, Auta, wannan mutumin ya san aikinsa. Daga ranar, in zai yi maganarsa, likitana yake cewa. Maganin kuma ya karɓe shi, zazzaɓin ya sauka, ya fara cin tuwo. Na kawo shi gidana a Daura don ya fi kusa da mota. Raina fari ƙal, har na fara yi wa maigidana gori cewa da ba ni ba da yanzu ana can ana shan jiƙo.

Ranar Alhamis muka koma. Matar teburin kati ta duba, ta ce ai Baba likita ya tafi Umara, daga can kuma zai tsaya wurin ɗansa, sai bayan makonni zai dawo. Ta ce amma ba komai, fayil ɗinmu yana ɗakin likita ta lamba uku, mu zauna za a kira mu. Tana rufe baki ƙofar lamba ukun ta buɗe, wata yarinya ta fito da farar riga a kan doguwar rigarta, 'yar siririya, ba za ta wuce sa'ar ƙanwar maigidana ba. Matar ta nuna ta da baki ta ce ga ta nan ma.

Yaya ya dube ni ya ce a hankali, Auta, ba a haka. Ya ce mutumin nan shi ya fara aikin, shi ya san inda ya tsaya, bai kuma ce masa ya je wurin wani ba. In ya dawo ya tarar an ba wani aikinsa a bayan idonsa, da wane ido za mu dube shi? Wasu in na ba su labarin sai su ce don mace ce ya ƙi. Wallahi ba haka ba ne. Ko namiji mai gemu har ciki aka fito masa da shi, amsar Yaya ke nan.

Ni ce na raina ta. Ni mace, mai aikin gwamnati, ni ce na dube ta sama da ƙasa na ce a raina an ga 'yan ƙauye, an ga tsoho da hula ta koɗe, za a haɗa mu da 'yar koyo ta gwada hannu a kanmu. Maimakon in lallashi Yaya, sai na samu abin da nake so. Na juya kan matar teburin nan na hau ta da faɗa, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce mun taso tun daga Daura don babban likita, ba don ɗalibai ba. Na ce in talaka ne ba shi da gata, to mu muna da shi. Baiwar Allah tana ta cewa Hajiya ki saurara, Hajiya bari in yi miki bayani, ni kuwa ina ƙara ɗaga murya, mutanen da ke kan benci duk sun zuba mana ido. Har wani daɗi nake ji a raina, wai ina kare mutuncin yayana.

Likitar da kanta ta tako ta zo. Ta gaishe da Yaya da ladabi, har da ɗan rusunawa, ta juyo gare ni da fayil a hannunta.

"Hajiya, don Allah ki ba ni minti biyar. Na ga hoton Baba, akwai abin da ya kamata ku sani yau."

"Mun gode," na ce mata. "Za mu jira mai aikin."

Na kama hannun Yaya muka fita. Ta biyo mu har bakin ƙofa tana cewa ko ba za mu shiga ba mu tsaya ta faɗa mana a tsaye. Ban waiwaya ba. Na tare a-daidaita-sahu muka nufi tasha. Minti biyar ta roƙa, ni kuwa na yi awa biyu a mota ina ba fasinjoji labarin yadda na yi maganin masu raina mutane.

Washegari suka kira ni a waya. Matar teburin ce, ta ce likita ta ce lallai a dawo da Baba. Na ce in tsohon ya dawo su sanar da ni, na kashe. Bayan kwana uku suka sake kira, wannan karon muryar likitar ce da kanta. Tana fara magana na ce ina aji, na kashe. Na ce wa maigidana ka ji su, ciniki suke nema. Shi mutum ne mai sanyi, ya ce anya, da dai kin saurare ta, asibiti ba sa bin mutum haka kawai. Na ce masa shi bai san mutanen birni ba. Kira na uku ban ma ɗauka ba.

Mako biyun farko lafiya lau, abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa ke nan. Maganin tsohon likita ya ƙare, na kai kwalin kemis aka ba ni irinsa. A mako na uku zazzaɓin ya dawo. Yaya ya daina kwanciya a ɓarin hagu, ya ce in ya kwanta haka ji yake kamar an ɗora masa buhun gero. Ya koma yin salla a zaune. Da rana zan dawo daga makaranta in same shi a tsakar gida a kan tabarma, ya jingina da bango, ya buɗe baki yana jan iska, rigarsa sharkaf da gumi. In na ce Yaya yaya jikin, sai ya ce da sauƙi, Auta, likitana ya dawo? In ce tukuna. Sai ya gyaɗa kai ya ce Allah Ya dawo da shi lafiya.

A nan ne nake jin kunyar kaina fiye da ko'ina. Wajen mako na biyar na san abin ya ɓaci. Na sani sarai. Sau biyu na ɗauki waya zan kira asibitin nan in ce ga mu nan zuwa, in tuna fuskar matar teburin da abin da na zazzaga mata a gaban jama'a, sai in ajiye. Yaya yana jira saboda amana, ni kuwa ina jira ne saboda kada in koma in sunkuyar da kai gaban yarinyar da na wulaƙanta. Na kai shi asibiti a nan Daura aka yi masa allurai aka ƙara masa ruwa, likitan da ya gan shi ya tambaye ni ina hoton da aka yi a Kano. Na ce yana can. Ya ce to me kuke jira? Na ce likitanmu ya yi tafiya. Ya bi ni da kallo kawai.

A mako na bakwai direban nan maƙwabcinmu ya leƙo ya ce ya kai wani jiya, ya ga motar tsohon likita a ƙofar asibitin. Yaya da ya ji, har murmushi ya yi. Ya sa aka ɗauko masa babbar rigarsa ta Juma'a. Sai dai a wannan karon bai iya taka ƙafarsa zuwa mota ba, maigidana da direban ne suka ɗauke shi. Matar Yaya ta zauna a baya ta riƙe masa kai, muka kama hanya da hantsi. Kafin mu wuce Kazaure leɓɓansa sun canza launi.

Tsohon likita yana ganinmu ya miƙe tsaye. Ya dubi Yaya a kan keken marasa lafiya, ya dube ni, ya ce subhanallahi, ina kuka shiga? Yaya ya tattaro ɗan numfashin da ya rage masa ya ce, likita, mun jira ka, ba mu ba kowa aikinka ba. Yana faɗa yana jin daɗi, kamar wanda ya kawo ajiya ya miƙa wa mai ita. Na ga fuskar dattijon nan ta canza. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Sannan ya ƙwala wa ma'aikaciyar jinya kira ya ce a sa wa Yaya iska, a kira likita ta lamba uku duk inda take.

Bayan an shiga da Yaya ya zaunar da ni. Bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce shi ba likitan huhu ba ne, shi likitan manya ne na gaba ɗaya, ya fi ƙwarewa a hawan jini da ciwon suga. Ya ce su biyar ne suka haɗa hannu suka buɗe wurin, kowa da fanninsa, kuma majiyyaci ba na mutum ɗaya ba ne, na gidan ne gaba ɗaya. Fayil ɗaya suke amfani da shi, abin da ɗaya ya rubuta sauran suna gani, kowane mako suna zama su tattauna masu ciwo mai wuya. Likitar huhun da muka taso tun daga Daura muna nema, ita ce wadda na kira 'yar koyo. Ranar Alhamis da Asabar take zama, shi ya sa ya ce mu dawo Alhamis. Ya buɗe fayil ɗin ya juyo mini da shi. Ga rubutunsa nan da jan biro, kwana biyu kafin ya tashi, ya miƙa mata Yaya, ya ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar gaggawa. Ya ce laifinsa ne da bai faɗa wa Yaya da bakinsa ba tun ranar farko, ya ɗauka an yi mana bayani a teburin kati.

Izinin da Yaya yake jira, ashe tun kafin mu zo yana cikin fayil ɗin da ke hannun yarinyar nan lokacin da take roƙona minti biyar.

Na tambaye shi me hoton ya nuna. Ya ce illar garin dutse tana nan, wannan ba ta da magani, amma mutum yana iya shekaru da ita in ana lallaɓawa. Abin gaggawar shi ne ruwa da ya taru a gefen huhun dama ya fara zama mugunya. Da a ranar nan aka sa roba aka zuƙe, aka ɗora shi a kan allurai, da ana sa ran ya tashi. Na ce yanzu fa? Ya ce yanzu sai abin da Allah Ya yi. Ko kuka na kasa.

Likitar ta zo da sauri, ashe ma ba ranar aikinta ba ce, daga gida aka kira ta. Ta wuce ni a baranda, na sunkuyar da kai. Ta ce sannu Hajiya, ta shige. Ba ta taɓa tayar da zancen ranar nan ba, ko da wasa, har muka bar asibitin. Ta sa robar a ranar, abin da ya fito ba zan kwatanta shi ba. Ta ce mugunyar ta yi kauri ta kama jikin huhun, cutar kuma ta shiga jini. Kwana goma sha ɗaya muka yi. Kullum sai ta zo, har ranakun da ba nata ba, ta duba robar, ta saurari ƙirjinsa, ta tambaye shi ko ya ɗan sha kunu. Baba take ce masa. Tsohon likita ma yakan leƙo, amma in zai taɓa wani abu sai ya tambaye ta tukuna. Yaya yana kwance yana kallon wannan duka.

Ranar kwana na tara da la'asar, ta gama duba shi za ta fita, ya ɗaga hannu ya yafito ta. Ya zare abin iskar daga hancinsa, ta ce Baba mayar, ya girgiza kai.

"Likita, ashe aikinki ne na hana ki. Ki yafe mini."

Ta tsaya riƙe da ƙarfen gadon. Ta ce, "Baba, ba ka yi mini komai ba." Ta mayar masa da abin iskar da hannunta, ta gyara masa matashi, ta fita da sauri. Da na leƙa na gan ta a ƙarshen baranda ta juya baya tana goge ido da gefen mayafinta.

Na dawo na durƙusa a gaban gadon na ce, Yaya, ni ce. Na faɗa masa komai, kiran wayar da na kashe, da wanda na ƙi ɗauka, da ranakun da na ɗauki waya na ajiye saboda girman kai. Bai san da ko ɗaya ba. Ya saurare ni har na gama, yana numfashi da ƙyar. Na zaci zai ce ba komai, kamar yadda ya saba. Sai ya ce, Auta, da kin faɗa mini sun kira, da na ce mu je mu ji. Sannan ya ɗora hannunsa a kaina ya ce ya yafe mini duniya da lahira, in kula da yaransa. Wannan maganar ta farko ita ce gaskiya, kuma na gode masa da bai ɓoye mini ita ba.

Ya rasu bayan kwana biyu, ranar Asabar da hantsi, likitar tana tsaye a kansa tare da mu. Muka kawo shi gida aka yi masa sutura a ƙauyenmu bayan la'asar. Mutane suka zo daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba, kowa sai ya ce ruwan da suke sha shi ya haƙa musu. Ina zaune a cikin mata ana ta yi mini gaisuwa ana cewa Malama kin yi ƙoƙari, kin kai shi har Kano, Allah Ya saka miki. Kowace gaisuwa sai in ji kamar an mare ni.

Bayan sadakar bakwai na shiga mota ni kaɗai na koma asibitin. Na sami matar teburin kati a wurinta, na tsaya a gaban mutanen da ke kan benci, na ba ta haƙuri da murya irin wadda na yi mata faɗa da ita. Ta rasa inda za ta sa kanta, tana ta cewa haba Hajiya, ya wuce. A wurinta ya wuce.

Ba na cewa da na saurara Yaya zai rayu har yau. Kwana in ya ƙare ya ƙare, huhunsa kuma ya riga ya gaji. Amma an ba ni dama a hannuna na mayar, wannan kuma nawa ne, ba na ɗora wa kowa. Abin da na koya ba mai yawa ba ne. In ka kai mara lafiya wurin da ba ka san yadda suke aiki ba, ka tambaya: wane ne wannan, mene ne fanninsa, wa zai gan mu in wancan ba ya nan. In kuma wani ya ce ka tsaya ka ji wata magana game da majiyyacinka, ka tsaya, ko yaro ne, ko ba ka son fuskarsa, ko ka riga ka yi masa rashin kunya. Zuciyar da za ka yi, ba kai za ka biya ta ba, wanda ke kwance ne zai biya. Ni na yi mako bakwai ina tsare wa Yaya mutunci, alhali ba wanda ya taɓa mutuncinsa, shi kuwa yana tsakar gidana yana neman numfashi.